Ku Tambaya Mu Amsa: Kayan Yaƙin da Aka Tsamo daga Ruwa

Tun da rani ya kama, ruwa ya fara janyewa a kududdufan haƙar kuza na Filato, wasiƙun da ke shigo mana suka karkata ga tsofaffin ƙarafan da ake tsinta a laka. Mun zaɓi guda shida, masu aikin adana kayan tarihi da ke amsa tambayoyin wannan fili daga Jos suka duba su.

Assalamu alaikum. Yaranmu sun ciro hular kwano irin ta sojojin da daga bakin wani kududdufi. Na wanke ta da sabulu, na shanya a rana, na shafa mata baƙin mai. Bayan wata guda sai ga ta tana tsattsafo da ɗigon ruwa ruwan ɗorawa, tana ɓarewa falle-falle. Me ya jawo?
*Mai karatu daga Bukuru*

Wa alaikumus salam, Malam. Shanyar ce ta jawo. Ƙarfen da ya daɗe a cikin laka yana zaune ne a wurin da iska ba ta kai masa, don haka tsatsarsa tana tafiya sannu a hankali. Amma duk tsawon zaman nan, sinadarin kuloraid, wanda ke cikin gishiri, yana kutsawa ta cikin tsatsar har ya taru daidai inda lafiyayyen ƙarfe ya fara. Ranar da aka fito da shi ya bushe, iska ta samu hanyar shiga. Da ta haɗu da kuloraid da ɗan danshi sai su haifar da asid, da wata sabuwar tsatsa wadda ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri. Ita ce ke tunkuɗo fatar waje ta fashe. Ɗigon da kake gani ruwan asid ne mai ɗauke da ƙarfe da kuloraid. Abin damuwar shi ne kuloraid ɗin ba ya ƙarewa, yana gama cin wannan wuri zai koma na gaba. Baƙin man da ka shafa kuwa rufe shi ya yi a ciki.

Sa'arka ɗaya, ruwan kududdufi bai kai na teku gishiri ba, saboda haka ɓarnar ba ta da sauri irin ta kayan teku. Ka goge man da asetin, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, sannan ka nutsa hular gaba ɗaya a bokitin roba mai murfi. Ruwan jiƙon shi ne giram 50 na soda ash a kowace lita ɗaya, ko giram 20 na kostik soda irin ta masu haɗa sabulu. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya ko na famfo. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta, kuma da safar hannu ta roba da gilashin kare ido, domin kostik yana makantarwa. Kada ka yi amfani da kanwa. 'Yar'uwar soda ce, amma akwai gishiri a jikinta, wato abin da kake ƙoƙarin cirewa.

Kafin ka jiƙa, ka duba da kyau. Idan akwai sauran fenti ko lamba, ko maɗaurin fata a ciki, kostik zai cinye su. Irin wannan sai a ajiye ta a ruwa zalla, a kai wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Jos su gani.

Za ka riƙa canza ruwan duk sati biyu da farko, daga baya duk wata. Ido ba ya gane an gama. Ana ɗibar ruwan jiƙon kaɗan, a ɗiga masa asid ɗin naitirik, sannan a ɗiga silba naitiret. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, da sauran kuloraid. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makaranta zai iya yi maka wannan. Masu sana'ar ba sa tsayawa sai awon kuloraid a ruwan jiƙon ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin miliyan, wasu ma sai ya kai 10, kuma ya tsaya a nan bayan an canza ruwa sau biyu. Ƙaramin abu kan ɗauki watanni. Hasumiyar igwa ta jirgin yaƙin Monitor na Amurka, wanda ya nutse a 1862, an tsamo ta a 2002, ta kuma shafe sama da shekara ashirin a cikin tankin jiƙo.

Bayan an gama sai a ɗauraye da ruwan zafi sau da yawa har santsin sodar ya fita, a tsoma a asetin ya janye ragowar ruwan, a shafa asid ɗin tanik wanda ke mai da fatar ƙarfen baƙa, a rufe da kaki. Ajiya kuma a akwatin roba mai rufuwa ruf, da silika jel mai tsotse danshi a ciki, danshi ya zauna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Hunturun Jos alheri ne ga ƙarfe. Yuli da Agusta su ne abin tsoro.

Mu ƙara da cewa galibin abin da ke cikin kududdufan nan kayan haƙar ma'adinai ne, ba na soja ba. Duk da haka ba a raba su da tarihin yaƙi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawan Ingila suka rasa babbar hanyarsu ta samun kuza, sai suka ɗora aikin tilas a filayen Filato daga 1942 zuwa 1944, aka kwaso mutane daga lardunan Arewa, da yawa suka rasu. Tsohon kwanon ɗaukar ƙasa da ya fito daga irin wannan rami ya cancanci a rubuta inda aka same shi kamar yadda za a yi wa hular soja.

'Yan jari-bola sun kawo mini wani ƙarfe mai nauyi, dogo kamar kwalba, da tsini a kai da zoben jan ƙarfe a gindi. Sun ce a kogi aka samo shi. Tunda ya daɗe a ruwa, ai ya mutu ko? Ina so in yanke jan ƙarfen.
*Ɗan gwangwan daga Dilimi*

Ɗan'uwa, don Allah kada ka sa masa zarto ko wuta, kada ma ka ɗaga shi daga inda yake. Abin da ka kwatanta siffar harsashin igwa ce, zoben jan ƙarfen nan shi ne ke kama cikin bututu lokacin harbi. Ruwa ba ya kashe shi. Jikinsa a rufe yake, kuma wasu sinadaran da ake durawa a ciki, irin su asid ɗin pikirik, suna haɗuwa da ƙarfe su zama gishirin da gogayya kaɗan ke tayar da shi, musamman in ya bushe. Akwai masu farin fosfaros, wanda ke kama wuta da kansa da zarar ya sha iska a zafin da bai wuce digiri 30 ba.

A 2008 wani mai tara kayan tarihi a jihar Bajiniya ta Amurka ya rasa ransa yana gyaran ƙwallon igwa na yaƙin basasarsu, wanda aka gama tun 1865. A bakin kogin Tems na Ingila har yau akwai jirgin Richard Montgomery da ya nutse a 1944 da kimanin tan 1,400 na abubuwan fashewa, an kewaye shi, an hana kowa kusantarsa.

Ka janye mutane daga wurin, ka hana masu walda da masu buga ƙarfe aiki a kusa, ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa su turo sashensu na masu kwance bam. Ka gaya musu waɗanda suka kawo shi da kogin da aka ce, domin inda aka samu ɗaya akan samu wasu.

Na ga ana cire tsatsa da cajar batirin mota a YouTube. Zan iya yi wa wata tsohuwar banati (wuƙar bakin bindiga) da aka tsamo daga ruwa haka?
*Ɗalibi a Jami'ar Jos*

Hanyar gaskiya ce, gidajen tarihi ma suna amfani da ita, amma abin da masu bidiyon ke nema daban ne. Su ƙarfe mai ƙyalli suke so. Mai adana tarihi kuloraid yake son fitarwa, ya bar fatar abin yadda take.

Ga yadda ake haɗawa. Waya mai alamar ragi tana kama abin da ake gyarawa, a wurin da aka kankare har ƙarfe ya fito. Mai alamar ƙari tana kama ragar ƙarfe da aka kewaye shi da ita ba tare da sun taɓa juna ba. Ruwan kuwa kostik soda ne, giram 20 zuwa 50 a lita. Wutar tana tura kuloraid daga jikin abin zuwa cikin ruwan, sai a riƙa aunawa ana canzawa. In aka juya wayoyin, banatin ce za ta narke.

Inda cajar mota ke ɓarna shi ne yawan wuta. Don kada fatar ta ɓantare ana ba da kamar amfiya 0.005 ko ƙasa da haka ga kowace murabba'in santimita na jikin abin. Abu mai faɗin murabba'in santimita 200 ke nan amfiya ɗaya ta ishe shi. In wutar ta zarce, kumfar haidurojin tana tasowa da ƙarfi daga ƙarƙashin tsatsa ta ɓantare ta, alhali a wannan fatar ne sunan kamfani da lambar makami da shekarar ƙira suke. Shi ya sa ake amfani da na'urar ba da wuta mai maɓallin ragewa. Ƙarfen zubi, irin na igwa da tukunya, ya fi haɗari. Ruwa yana cinye ƙarfen da ke fatarsa ya bar baƙin girafait mai laushi irin na bakin fensir, wanda wuƙa ke yankawa, kuma rubutun yana jikin wannan laushin.

Kafin komai ka gwada da maganaɗisu. In bai kama da ƙarfi ba, babu sauran ƙarfe a ciki, tsatsa ce kawai ta riƙe siffar, kuma lantarki zai watsa ta. Kayan teku sukan fito a lulluɓe da dunƙulen yashi da ɓawon kifi da tsatsa mai tauri kamar siminti. Ba a fasa shi sai an ɗauki hoton eksre, domin wani lokaci abin ya narke gaba ɗaya ya bar rami mai siffarsa. Irin wannan ramin ana wanke shi ne a dura masa ruwan efoksi, wato gam mai daskarewa ya yi tauri, in ya daskare a fasa dunƙulen a fito da kwafin abin.

Kada ka taɓa zuba gishirin girki a ruwan, zai ba ka iskar kulorin mai guba, ya kuma ƙara wa ƙarfen cutar da kake magani. A yi aikin a inda iska ke ratsawa, ba wuta ba sigari, don haidurojin yana fashewa. Sannan aikin yana son wuta mara yankewa na makonni, saboda haka a nan garin sai da sola da batir. In mariƙin banatin na katako ne, ko akwai alminiyam a jikinta, kada ta shiga kostik sam.

Ina koyar da tarihi a sakandare. Wani mahaifi ya kawo mana gindin bindiga na katako da jakar harsashi ta fata, a jiƙe, daga wani tafki. Suna cikin baho yanzu. Yaya za mu busar da su?
*Malama daga Anguwar Rogo*

Malama, barinsu a baho shi ne daidai, kada a yi gaggawar fito da su. Katakon da ya daɗe a ruwa, ƙwayoyin halitta sun cinye sinadarin da ke ba shi ƙarfi, sun bar ƙananan ɗakuna marasa ƙwari, ruwa ne ke tokare da su. Yayin da ruwan ke fita yana jawo bangon ɗakunan su rufta. Katakon ya motse, ya karkace, ya tsage, kuma ko an mayar da shi ruwa ba zai koma yadda yake ba. A iskar hunturu kwana biyu ya isa. Ki gwada da allura a wurin da ba ya nunawa. In ta shige cikin sauƙi, lalacewar ta yi nisa.

A yanzu ki rufe bahon, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ki canza ruwan duk mako don kada gansakuka da wari su kama. Ƙananan abubuwa za su iya zama a firji, amma ba a ɓangaren ƙanƙara ba.

Maganin shi ne a maye gurbin ruwan da abin da ba ya tashi. Wanda aka fi amfani da shi sinadarin PEG ne, wanda ke narkewa a ruwa, kuma iri-iri ne, kowanne da lambarsa. Mai lamba 400 ruwa-ruwa ne, yana shiga cikin bangon ɗakunan, mai lamba 4000 kamar kaki yake, yana cike ramukan. Ana farawa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa a hankali cikin watanni. In aka fara da mai kauri, shi zai tsotse ruwan katakon kafin ya shiga, a samu motsewar da ake gudu. Inda akwai injin busarwa ta daskarewa akan tsaya wajen kashi 40. Inda babu sai an kai kashi 70 ko fiye, sannan a busar a cikin leda mai 'yan huji, ana auna nauyi duk mako har ya daina raguwa.

In PEG ya yi wuyar samu, farin sukari yana aiki: a fara da kashi 5, a kai kusan 70. Matsalarsa biyu. Ruwan yana tsami in ba a sa maganin ƙwayoyin cuta ba, sannan daga baya tururuwa da gara za su yi ta bibiyar katakon, ga shi yana yin danƙo da damina.

Duba ko akwai kusoshi ko farantin ƙarfe a gindin bindigar. PEG yana sa ƙarfe tsatsa, kostik kuma yana lalata katako, don haka in za su kwantu lafiya a raba su, a yi wa kowanne nasa. Jirgin yaƙin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo a 1961, an shekara 17 ana fesa masa PEG. Amma a 2000 sai gishirin farar wuta ya fara fitowa a jikinsa, saboda ƙarfen da ya shiga katakon yana taimaka wa farar wutar ta zama asid. Sai da aka canza dubban kusoshinsa da na ƙarfe mara tsatsa. Jirgin yaƙin Mary Rose na Ingila, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago a 1982, an fesa masa PEG daga 1994 zuwa 2013.

Fatar ta fi sauƙi. A wanke da burushi mai laushi, a jiƙa a kashi 30 na gilisarin ko PEG 400 na kamar sati biyu, a cusa mata soso ta riƙe siffarta, a busar a hankali a inuwa. Kada a shafa man kaɗanya ko man takalmi. Katako da fata suna son danshi wajen kashi 50 zuwa 55, wato ba za su zauna akwati ɗaya da ƙarfe ba.

Ni mai ninƙaya ne, na koyi nutso da tukunyar iska a Legas. Yaya ake ɗago abu mai nauyi daga ƙasan ruwa?
*Matashi daga Rayfield*

Ɗagowa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi arha a aikin. Kafin a taɓa komai ana ɗaukar lambar wurin da GPS, a shimfiɗa tef a ƙasa, a auna nisan kowane abu daga gare shi, a zana, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Inda ruwa ke da haske akan ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa siffar wurin. Maɓallin riga da aka san a wane ɗakin jirgi aka same shi yana ba da labari, wanda aka ciro kawai aka sa aljihu kuwa tsohon maɓalli ne. Haka kuma ba a ɗago abu sai tankin jiƙonsa yana jira a bakin ruwa, da kuɗin da za a kula da shi na shekaru.

Ana amfani da jakar iska. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Haɗarin shi ne laka tana riƙe abu, sai mai nutso ya yi ta ƙara iska, abin ya ɓalle gaba ɗaya. Daga zurfin mita 10 zuwa sama iskar tana ninka girmanta, jakar ta tashi a guje da duk wanda igiya ta naɗe, ko ta kife ta sako kayan a kan na ƙasa. Don haka a fara yashe lakar, a zaɓi jaka daidai nauyin, mai bawul ɗin rage iska, a tallafe abin daga ƙasa da faffaɗan maɗauri ko tire. Ba a ɗaure shi ta wani sashe da ya fito, kuma a tuna zai ƙara nauyi da zarar ya bar ruwa. Jirgin saman Jamus samfurin Dornier 17 da aka ɗago daga tekun Ingila a 2013, nan take aka shiga fesa masa ruwan asid ɗin sitirik, domin jikinsa alminiyam ne.

Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: Jos tana kan tudun kusan mita 1,200. Jadawalin nutso da ka koya a Legas, mai nuna tsawon zama a ƙasa da yadda za a taso, na bakin teku ne, kuma daga mita 300 zuwa sama sai an gyara lissafinsa, in ba haka ba iskar naitirojin za ta yi kumfa a jini. Kududdufan kuza kuma gefensu a tsaye yake, ƙasansu laka da tsofaffin wayoyi, ruwan da sanyi, ba a ganin ko tafin hannu. Sun ci rayuka da yawa. Ba wurin shiga mutum ɗaya ba ne.

In mutum ya tsamo irin waɗannan kaya, nasa ne? Zai iya sayarwa?
*Alhaji daga Gangare*

Ranka ya daɗe, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini, haƙa don nemansu ma sai da takarda. Bindiga kuwa, ko ta yi tsatsa, dokar makamai tana kanta.

A duniya akwai yarjejeniyar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 2001 kan kayan tarihin ƙarƙashin ruwa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005. Ta shafi abin da ya kai shekara 100 a ruwa, ta ce barinsa a inda yake shi ne zaɓi na farko, ta kuma hana kasuwanci da shi. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya duk sun shiga. Na yaƙin Hitila sai daga 2039, na yaƙin basasarmu sai 2067. Wannan giɓin ya yi ɓarna: a 2016 aka gano cewa masu neman ƙarfe sun kwashe jiragen yaƙin Holan da na Ingila da suka nutse a Tekun Jaba a 1942, jiragen da ke matsayin kaburburan ɗaruruwan mutane.

Mu a wurinmu wannan ne babban dalili. Jirgin Mendi ya nutse kusa da Ingila ranar 21 ga Fabrairu 1917 da baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu sama da 600 da aka ɗauko aikin ƙarfi a fagen yaƙi. Masu nutso suka yi ta ɗibar kayansa, har da ƙararrawarsa, wadda sai a 2018 aka mayar wa Afirka ta Kudu. Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama (Burma) ta Asiya su ma ta teku aka bi da su. Duk wanda ya ci karo da ƙashin mutum a ruwa, ya bar shi a wurin, ya sanar da 'yan sanda da mai unguwa.

Wanda ke da wani abu a hannu yanzu, in ba mai fashewa ba ne, ya sa shi a roba da ruwan da ya rufe shi, ya rubuta rana da wurin da aka same shi da sunan kududdufin ko kogin, ya haɗa da hoton da aka ɗauka kafin a wanke, ya kai Gidan Tarihi na Jos. Masu karatunmu na Abuja kuma su tuntuɓi hedikwatar hukumar da ke can.